WA KE YANKA WA MOTA KUƊI A MARAƊI?

Jama'a, ku matso ku ji. Yau maganar mota za mu yi, ko da yake mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda ko jaki ba su mallaka ba. Kada wani ya ce ina ruwansa. Wanda bai sayi mota ba shi ma yana biyan kuɗinta, ya sani ko bai sani ba, kuma abin da muke so mu nuna muku ke nan.

Makon jiya muka aiki mutum uku daga cikin 'yan jam'iyya zuwa wani filin sayar da motoci a nan Maraɗi. Ba za mu faɗi sunan wurin ba, domin ba su kaɗai ke da wannan hali ba. Mota ɗaya muka ce su tambaya, wata baƙar Mercedes mai ƙofa biyu, irin mai gudun nan da samari ke mutuwa a kanta. Na farko ya tafi a ƙasa da rigar aiki. Na biyu ya tafi bisa babur. Na uku muka aro masa babbar riga ta shadda da hula, aka kai shi cikin mota. Suka komo mana da kuɗi iri uku. Abin da ke tsakanin kuɗin da aka faɗa wa mai rigar aiki da wanda aka faɗa wa mai babbar riga ya isa a sayi shanun noma biyu da amalankensu, har a samu canji. Motar ba ta sake ba, rigar mai tambaya ce ta sake. Ba a rubuta kome a jikin gilashi ba. Dillali ya dube ka daga hula har takalmi, ya koma gefe ya yi waya da wanda ya ce shi ne mai mota, sa'an nan ya komo ya ce maka, "Alhaji ya ce albarka."

Kada a fahimce mu a karkace. Dillanci sana'a ce ta gado, la'ada kuwa halal ce. A kasuwar shanu kowa ya san abin da dillali ke karɓa, a gaban jama'a ake ba shi, ba ya jin kunya. Abin da muke ƙi shi ne la'adar duhu. A misali, mai mota ya ce a sayar masa miliyan 10 na sefa. Dillali ya gaya wa mai saye miliyan 12. In ciniki ya faɗa ya soke biyu a aljihu, kuma ya miƙa hannu ga mai saye da mai sayarwa ya ce a ba shi la'adarsa. Wani lokaci ma sai a kawo wani ya tsaya yana zagaya motar yana tayawa, alhali ko kuɗin taya ɗaya ba shi da shi, don dai mai saye ya ji tsoron kada a riga shi. Wannan malamanmu sun san sunansa a littattafan fiƙihu, najashi ake ce masa, kuma haramun ne. Ba mu muka ƙirƙiro hukuncin ba.

Tsofaffinmu sun san irin wannan ciniki, domin sun sha shi a hannun Nasara. Zamanin gyaɗa, lokacin da kantunan CFAO da SCOA da 'yan'uwansu ke riƙe da kasuwar Maraɗi, su ke yanka wa gyaɗar talaka kuɗi, su ne kuma ke yanka wa atamfa da keke da fitila kuɗi. Mutum ya kawo gumin shekara a auna, ya karɓi abin da aka ba shi, ya zagaya ɗaya ƙofar ya mayar musu da shi. Don a raba mu da wannan ne aka yi ta gwagwarmaya har aka samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, aka kuma kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa ya fita daga hannun baƙi. To, ashe don ɗan gida ya gaji halin baƙo muka sha wahala?

Bari mu bi sawun kuɗin mota tun daga baya, domin dillalai suna son fakewa da tarihi, kuma wani abin da suke faɗa gaskiya ne. Da farin 1973 da 1974 ya kashe gyaɗa, alhazan Maraɗi suka juya ga fiton kaya zuwa Nijeriya. A wancan zamani Peugeot ce sarauniyar hanya, 404 da ƙanwarta 504, har aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Mota ce ta aiki. Tana ɗaukar mutum da buhunsa, bakanike na bakin tasha ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Sai ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tamman Faransa ɗaya da ake ba da sefa 50 a kansa ya koma 100. Aka kwana aka tashi kowane kaya na Turai ya ninka. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin da Turawa suka gama ci, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano, a koro su ta Malanbil da Gaya da Dosso da Ƙonni har Maraɗi, da yawansu su zarce Ɗan Isa su faɗa Jibiya. Ba mu kaɗai ba ne juji. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙirga cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Daga nan sai iyaka ta zama ita ce ma'aunin kuɗi. Ran 1 ga Janairu 2017 Nijeriya ta hana shigar da mota ta iyakar ƙasa. A Agustan 2019 ta rufe iyakar baki ɗaya, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja, su yi makonni a hanya. Wannan duk kuɗi ne, ba mu musa ba. Direba zai ci abinci, duwan za ta karɓi nata, wanda ya sa dukiyarsa a hanya mai haɗari dole ya nemi riba.

Amma ga tambayar da muke so dillalai su amsa mana. Duk ran da aka rufe hanya, motar da ta yi wata shida tana shan rana a fili ita ma sai kuɗinta ya hau a ranar. Wace hanya ta bi? Wane soja ya raka ta? Kuma in an buɗe hanya ba mu taɓa jin an kira mu an ce ga ragi ba. Haka nan da naira ta faɗi, daga wajen 460 a kan dalar Amurka a farkon 2023 har ta wuce 1,500 a 2024, Kanawa da Katsinawa masu zuwa sayen mota da sefa ƙarfinsu ya ragu. A ko'ina cikin duniya in masu saye sun ragu kaya kan sauka. A nan sai a ce maka "dala ce ta hau." Mota na hawa da kowace iska, amma babu iskar da ke saukar da ita.

Wani zai ce ai a ƙasashen Turawa ma haka ake yi. Gaskiya ne an yi. A 2021 da 2022, da ƙananan na'urorin lantarkin da ake sa wa mota suka yi ƙaranci bayan annobar korona, masana'antu suka kasa ƙera abin da ake nema, sai dillalan Amurka suka riƙa ɗora dubban daloli a kan motocin gudu da ake rububi, irin su Corvette. A Japan kamfanin Toyota ya shaida wa masu son sabuwar Land Cruiser 300 a farkon 2022 cewa jira zai iya kai shekara 4. Amma ku duba bambancin. A Amurka tun 1958 akwai doka, kowace sabuwar mota sai an manna mata takarda a gilashi mai nuna kuɗin da masana'anta ta yanka. In dillali ya ƙara, mai saye yana ganin ƙarin da idonsa, in ya ga dama ya juya. Har kamfanonin Ford da General Motors suka rubuta wa dillalansu a Janairun 2022 suna gargaɗi cewa wanda ya zarce za a rage masa kaya. Da motoci suka wadata, kuɗin ruwan banki kuma ya hau, a 2023 ƙarin ya fara narkewa. Su can an yi zalunci da rana, aka gan shi, aka yi maganinsa. Mu nan cikin duhu ake yi.

To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke sayen motocin nan? Ba manomin Jiratawa ba ne, ba malamin lakwal ba ne da ke jiran ƙarshen wata. 'Ya'yan manya ne, da wasu da ba mu san su da kanti ko gona ba, jiya muna zaune da su a benci guda, yau an ba su ofis. Irin wannan mai saye ba ya neman ragi, tsadar ma ita yake saye, don a ce a majalisa tasa ta fi ta wane. Dillali kuwa ya san haka. Mota ce da aka ƙera don hanyoyin Jamus, tana iya kilomita 250 a awa, cikinta na kusan taɓa ƙasa. A ina za a yi wannan gudu? Tsakanin Maraɗi da Tsibiri, inda amalanke da awaki da 'yan makaranta ke raba kwalta da kai? Sai ranar ɗaukar amarya ka ga an fito ana wasan mota, ana juyi ana ta da ƙura, iyaye mata na janye yara. In ta lalace kuma sai a jira kayan gyara daga Dubai ko Legas. A watan Maris na 2025, da mai ya yi wuya a ƙasar nan, mun ga irinsu a layi ɗaya da 'yan kabu-kabu, gudun bai fisshe su ba.

Da abin ya tsaya tsakanin mai kuɗi da dillalinsa da mun yi shiru, su ƙarata can. Amma bai tsaya ba. Dillalin da ya saba cin miliyan a kan motar ƙawa ba zai yarda da 'yar jikka a kan motar aiki ba. Halin sai ya bi Hiace da Hilux da akori-kura, har adaidaita. Direban da ya sayi motar haya da tsada, ko ya karɓe ta bashi, a ina zai fanshe? A kan matar da ta ɗauko buhun zogale daga Jiratawa. A kan mai mara lafiyar da za a kawo likita daga ƙauyukan Gobir cikin dare. A kan kowace tiya ta hatsi da ta hau mota kafin ta iso kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma babbar asara: jarin da zai iya kafa injin matsar mai ko haƙa rijiyoyin noman rani a gulbi, an canza shi zuwa yuro da dala an tura waje, an karɓo ƙarfen da wani ya gaji da shi.

Don haka jam'iyyarmu na kira ga hukumar gari da ma'aikatar ciniki su tilasta kowane mai filin mota ya rubuta kuɗinta a gilashi, da shekarar da aka ƙera ta, da shaidar duwan, da manyan baƙaƙe yadda mai wucewa zai karanta. La'ada kuma a yanka ta a san ta, a rubuta a takardar ciniki, mai mota da mai saye su ga juna ido da ido. Dillalan kirki, kuma muna da su har cikin jam'iyyar nan, ba abin da za su rasa, sai ma su huta da zargi. Wajen kuɗin fito, muna so a nauyaya wa motar ƙawa a sassauta wa motar haya da ta ɗaukar amfanin gona da ta ɗaukar marasa lafiya. Wanda ke da halin sayen gudun da ba shi da hanyar yinsa yana da halin biyan baitulmali. Duk ma'aikacin gwamnati kuma da aka gani da motar da albashinsa na shekara 20 bai saye ta, a tambaye shi inda ya samo. Tambaya ba zagi ba ce.

Kafin hukuma ta motsa, mu za mu fara. Muna roƙon 'yan jam'iyya na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, musamman direbobi da bakanikai da 'yan kamasho, duk wanda ya ga an yi cinikin mota a gabansa ya rubuta irinta da shekararta da kuɗin da aka biya, ban da sunan kowa, ya kai wa magatakardan reshensa kafin ƙarshen wata. Za mu jera su mu buga a fitowa ta gaba. Wanda bai iya rubutu ba ya je da baki, magatakarda zai rubuta masa.