A Auna Kafin A Sassaƙa

Akwai masu cewa sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin yaƙi wasan yara ne, ko yaya ya fito ya yi. Mu dai ba mu yarda ba.

A dubi jirgin nan Hurricane na Ingila. Daga 1940, zamanin Yaƙin Hitila, cikin akwatuna akan kawo shi Takoradi a harhaɗa, ya tashi ya bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Masar. Faɗin fikafikansa ƙafa 40 ne. In an rage kome sau 48, inci 10 ke nan, ba ƙari ba ragi. Bayan jikinsa da yadi aka rufe, don haka tilas shacin haƙarƙarinsa ya fito. Waɗanda suka yi yaƙi a hamada kuwa suna da matatar ƙura ƙarƙashin hanci. Wanda ya manta da ita ya ɓata labarin jirgin.

Muna roƙon malamai su sa yara wannan aiki, da ma'auni a hannu. Yaron da ya saba cewa "ai ya yi kusa" a kan katako, gobe haka zai ce a kan littafin kuɗi. Icce tun yana ɗanye akan tanƙwara shi.