Kimiyya a Gareji: Me Fitilar Injin Mota Ke Faɗa?

Duk mai shiga motar haya daga Haɗejiya zuwa Kano ko Nguru ya san ƙaramar fitilar nan ruwan ɗorawa, mai siffar inji, da ke ci a gaban direba. Wasu direbobin har liƙe ta suke yi da salatif don kada ta dame su. Alhali ƙorafi motar take yi, kuma yau za mu koyi sauraronta.

Motocin zamani suna da ƙaramar kwamfuta wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Tana auna iskar da inji ke shaƙa, da zafinsa, da hayaƙin da yake fitarwa. Idan awon ya kauce, sai ta adana wata lamba, ta kunna fitila. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari mai suna OBD-II, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Shi ya sa yawancin motocin Kwatano suke da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar karatu, wasu ma da wayar hannu suke aiki ta Bluetooth.

Mu ɗauki lamba P0301. Harafin P yana nufin ɓangaren inji da giya, 03 matsalar kunna wuta, 01 kuma silinda ta ɗaya. Wato mai ba ya ƙonewa daidai a wannan silinda. To amma me ya jawo? Lambar ba ta faɗa ba. Yana iya zama fulogi, ko kwayil, ko nozul, ko wayar da ta yi tsatsa.

Nan ake gane gwanin bakanike. Ba zai ce a sayo sabon kaya nan take ba. Zai cire kwayil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta biyu, ya goge lambar, ya tayar da mota. Idan lambar ta koma P0302, ciwon ya bi kwayil, an kama mai laifi. Idan ta tsaya a P0301, sai ya duba fulogi. Abin da malamin kimiyya ke koya mana ke nan: canza abu ɗaya, ka ga sakamako.

Yankinmu ma yana da nasa hannun. Ƙurar hunturu tana ɓata ma'aunin iska, abin da kan haifar da P0171, wato iska ta rinjayi mai. Da damina kuwa, balle shekarar ambaliya irin ta 2022 da ta shafi Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa, ruwa yana shiga mahaɗar wayoyi, sai lamba ta zargi na'urar da lafiyarta ƙalau. Kuma motar da ta mutu cikin ruwa, kada a yi mata ki, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin.

Abu biyu za mu riƙe. Goge lamba ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo. Idan kuma fitilar tana ƙyaftawa, a rage gudu a nemi gareji, domin ɗanyen mai yana ƙona matatar hayaƙin salansa mai tsada.

Aikin wannan mako: me kuke ganin P0304 take nufi, kuma wane gwaji za ku fara yi? Ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku.