FILIN MATA: Ɗaukar Hoto Cikin Jirgin Ruwa

 

Cikin takardun da suka iso mana wannan mako akwai ta wata 'yar'uwa, wadda ta ce maigidanta zai tafi da ita yawon buɗe ido cikin babban jirgin ruwa, kwana 7 bisa teku, ga shi kuwa iyakar ruwan da ta taɓa gani shi ne kogin garinsu da damina. Tana so a gaya mata yadda za ta ɗauko hotuna masu kyau, don ta nuna wa mutanen gida. Na ga amsar ba ita kaɗai za ta amfana ba, shi ya sa na kawo ta fili. Wadda ba ta da niyyar shiga teku kada ta juya shafi, gama dabarar da ke aiki cikin babban jirgi ita ce ke aiki cikin kwalekwale a Lakwaja, ko a bakin dam ɗin Tiga.

Shiga jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa, in sun kai Sawakin a ƙasar Sudan, cikin jirgi suke ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Waɗanda suka tafi Ingila neman ilmi kuwa, da yawansu jiragen kamfanin Elder Dempster suka shiga daga Ikko, watau Accra da Apapa da Aureol, su yi kamar mako 2 a kan ruwa. Aureol ya fara aiki a 1951, ya daina a 1974, sa'ad da jirgin sama ya kwashe masu tafiya. Ku tambayi gidajen da iyayensu suka yi wannan tafiya, in an yi sa'a a sami hoto ɗaya tak, ya yi ja don tsufa, ana ɓoyonsa cikin akwati kamar zinariya.

Jiragen yanzu na shaƙatawa ne, ba na zuwa wani gari ba. Mutum ya biya kuɗi ya shiga, a ba shi ɗaki da abinci, a zaga da shi garuruwan bakin teku, a komo da shi inda aka ɗauke shi. Akwai wani da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Amurka a 2024, tsawonsa mita 365, hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar baƙi har 7,600, ban da ma'aikata. A 2021 wani babban jirgi, MSC Bellissima, ya riƙa tashi da masu yawo daga Jidda, a ƙarshen 2024 kuma mutanen Saudiyya suka fito da nasu mai suna Aroya. To, kun ga abin ya matso kusa da hanyar da muka saba bi.

Rana ita ce uwar hoto

Abu na fari da za ki sani, uwargida, shi ne kyamara ba ta da wayon idonki. Ko babba ce, ko wadda ke jikin wayarki, auna hasken da ke gabanta take yi, ta tsuke idonta ko ta buɗe gwargwadonsa. A teku haske ya yi yawa, ga na sama, ga wanda ruwa ke mayarwa, ga farin fentin jirgi. Da kyamara ta ga wannan sai ta tsuke ido, teku ya fito sarai, fuskar maigida kuwa ta fito baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai haƙora da hula. Mu masu duhun fata abin ya fi damunmu, balle in an yafa farin mayafi.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ki tsaya yadda rana za ta kasance bayanki ko gefenki, haskenta ya sauka a fuskar wanda kike ɗauka. In da waya ce, ki taɓa fuskarsa a jikin gilashi kafin ki danna, don wayar ta san fuskar kike nufi, ba teku ba. Ki guji tsakar rana, gama a lokacin inuwa ke taruwa ƙarƙashin ido da hanci, budurwa ta fito kamar wadda ta kwana kuka. In ya zama dole, ku shiga inuwar rumfa, ta fuskanci wajen da haske ke shigowa.

Lokacin da ya fi kowanne shi ne bayan asuba, da kuma la'asar sakaliya. Haske ya yi laushi, ruwa ya yi ja kamar an zuba manja. Da asuba kuma akwai wata riba: yawancin baƙin jirgi barci suke yi, saman jirgi fili ne, ba mai gilma miki. Ki idar da salla, ki ɗauki mayafi mai kauri saboda iska, ki hau. Amma ki tuna jirgi juyawa yake yi. Gefen da rana ta faɗi jiya ba lalle ne nan za ta faɗi yau ba, kamar yadda alƙibla ma takan sauya miki cikin ɗaki. Ki tambayi ma'aikata, sun sani. Ki kuma je da wuri, domin a ƙasashen zafi daga sa'ad da rana ta taɓa ruwa zuwa ɓacewarta minti 2 ne ko 3.

Kada teku ya zube

Ku 'yan makaranta, ga abin da za ku gaya wa malamarku. Layin nan da kuke gani inda sama ta haɗu da ruwa, ba iyakar teku ba ne, lanƙwasar duniya ce ta ɓoye sauran. Mai tsayuwa a bakin gaɓa yana hangen kilomita 4 ko 5 ne kurum, amma wanda ya hau bene mai tsawon mita 30 yana hangen kusan kilomita 20. Wannan layi shi ne ma'aunin hoto. In ya karkace ko kaɗan, sai a ga kamar teku zai tsiyaye ta gefe ɗaya. Ki daidaita shi kamar yadda kike daidaita tire cike da kofunan shayi. Kada kuma ki sa shi ya raba hoto biyu daidai, ko ya yanke wuyan mutum. In gajimare ne ya yi kyau, ki ba sama kashi biyu cikin uku. In ruwa ne ya yi kyau, ki ba ruwa.

Jirgi kuma ba ya tsayawa cik. Injinsa na kaɗa jikinsa dare da rana, ko ba ki ji ba. Saboda haka kada ki ɗora kyamara bisa shingen ƙarfe, kina cewa za ta fi zama daram, rawar injin za ta shiga hoton ya yi dishi-dishi. Ki buɗe ƙafafu kaɗan, ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi, sa'an nan ki danna. Jikinki ne zai shanye rawar. Da dare kada ki wahal da kanki da fitilar kyamara, haskenta taku kaɗan yake kaiwa, ba ya haska teku.

Abin da za ki ɗauka

Nan ne yawancinmu kan yi sakaci. Sai mace ta dawo da hoto 300, duka ita ce tsaye a wuri ɗaya, hannu a ƙugu, atamfa kaɗai ke sauyawa. Wanda aka nuna wa ya ga 5 ya ƙoshi, sauran kunya ce ta sa yake cewa madalla. Teku shi kaɗai ma, in ba kome a gabansa, shuɗin zane ne kawai.

Ki sa wani abu kusa, don a gane nisa. Ga misali: hannunki da lalle bisa shingen jirgi, ruwa shuɗi a bayansa. Ko kofin shayi a bakin taga, rana na fitowa. In ɗakinku na da zagayayyar tagar nan ta jirgi, ki ja da baya ki ɗauki teku ta cikinta, ta zama kamar bakin faifai. Ki je bayan jirgi ki ɗauki farar kumfar da yake bari, miƙaƙƙiya kamar hanyar mota. Ki dubi igiyoyin da ake ɗaure jirgi da su, waɗansu sun fi damtsen mutum kauri, ki sa ɗanki ya tsaya nesa kaɗan da su a gane girmansu. Ki ɗauki inuwarku ke da maigida a kan daɓen jirgi da hantsi. Iskar da ke damunki da fizgar gyale ma kada ki yi fushi da ita, ki bari gefensa ya tashi, hoton zai yi rai.

Baƙin da na ce ki guje wa ɗazu, da gangan ana iya mai da shi ado. Da faɗuwar rana ki sa mutum ya tsaya tsakaninki da ita, ya ba ki gefen fuska, ki taɓa sararin sama a jikin gilashi maimakon fuskarsa. Zai fito baƙi tsaf, siffar ɗaurin ɗankwali ko hula ta fita sosai, bayansa ja wur. Wannan ya dace ƙwarai da wadda ba ta son fuskarta ta yi yawo hannun mutane.

Ranar da za ku shiga wani gari, ki tashi da wuri. Za ki ga ƙaramin jirgi ya kawo mutumin da ya san mashigar tashar, ya hau ya taya kyaftin shiga da jirgi, ga masunta, ga hasumiyoyin gari suna fitowa sannu sannu. Amma in kun sauka, ban da ɗaukar wurin kwastan da na soja, ƙasashe da yawa sun hana.

Gishiri da raɓa

Ɗakunan jirgi da sanyin na'ura, waje kuwa da zafi da laima. Da kin fito da kyamara sai idonta ya yi hazo, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi. Kada ki yi ta goga. Ki bar ta cikin jaka a waje kamar minti 15 ta ɗumama, hazon zai tafi don kansa. Iskar teku kuma tana ɗauke da gishiri, in ya bushe a gilashi kika goge da bakin mayafi sai ya karce shi. Ki sami tsumma mai laushi, ki ɗan jiƙa da ruwan sha, ki shafa a hankali. Ki sa wa wayarki igiya ki rataya a wuyan hannu, gama abin da ya faɗa teku ya tafi ke nan, da shi da hotunan. In an yi nisa da gaɓa kuma, ta tauraron ɗan'adam jirgi ke samun waya da intanet, da tsada ƙwarai. Ki rufe layinki, ki bari sai kun sauka ki aika.

Rai ya fi hoto

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Shingen da aka yi a gefen jirgi don tsare rai aka yi shi. Kada ki hau, kada ki zauna a kai, kada ki leƙa da rabin jiki, kada kuma ki ɗora yaro bisansa ko da kina riƙe da shi. A 2019 wata mata ta hau kan shingen barandar ɗakinta cikin jirgin Allure of the Seas don a ɗauke ta hoto. Allah ya kiyaye ba ta faɗa ba, amma aka sauke ta a Jamaika, ita da abokin tafiyarta, kamfanin kuma ya hana su shiga jiragensa har abada. Wanda ya faɗa daga wannan tsawo, jirgi na tafiya, wuya ne a same shi da rai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ranar tashi za a nuna wa kowa wurin taruwa in hatsari ya auku, da yadda ake sa rigar ruwa. A lokacin ki mai da waya jaka, ki buɗe kunne. A 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, bayan haka ne aka tsananta dokar yin wannan koyarwa tun farkon tafiya. Ku ma masu shiga kwalekwale a kogunanmu, in akwai rigar ruwa ku sa, kada ku miƙe tsaye don hoto, kada kuma ku taru gefe ɗaya.

Sai kuma mutuncin jama'a. Cikin jirgi akwai kowane irin mutum, da kowace irin shiga, musamman wajen wurin wanka. Ba naki ba ne ki ɗauki matar wani ki kawo gida ana dariya. Ma'aikatan da ke share ɗaki da kawo abinci, yawancinsu sun baro iyalinsu watanni don neman halali. In kina son hotonsu ki gaishe su, ki nemi izini, in sun ƙi ki haƙura. Akwai kuma masu hoto na jirgi da za su tare ku a ƙofa. Ɗauka kyauta ce, karɓa ce da kuɗi, ki tambayi farashi tukuna.

In kin komo, ki zauna ki zaɓi 20 da suka fi, ki kai a wanke miki a takarda, ki rubuta wuri da shekara a bayan kowanne. Waya takan ɓace, takan lalace, ta tafi da abin da ke cikinta, amma kun ga hoton Aureol yana nan cikin akwati. Wajen nunawa kuma a yi da kunya. Nuna wa uwar miji da maƙwabta ikon Allah da kika gani daban, cika wa wadda ba ta da na cefane ido da hoton abinci daban.

Ku ƙannena, kada ku jira sai kun ga teku. Ku ari wayar Inna da izininta, ku gwada duk abin da na faɗa a tsakar gida da la'asar: rana a baya, layi a miƙe, wani abu a kusa. Wadda ta iya ɗaukar kakarta tana kaɗi a gindin bishiya, fuska ta fito sarai, ta iya ɗaukar kowane jirgi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan jiri da tashin zuciya da ke kama matafiya, da abin da ya kamata a ci kafin a kama hanya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.

Taku har kullum,
Yayarku