Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sadarwa Ta Najeriya, NCC

Ranka ya daɗe,

Bahaushe ya gina zaure ne don baƙo ya tsaya nan, kada idonsa ya kai tsakar gida. Yau kuwa siginar Wi-Fi ba ta san katanga ba. Ratsa bango take yi ta fita titi.

Kwanan baya maƙwabcina ya sayo kyamarar tsaro a kasuwar waya, ya kafa ta tana kallon inda iyalinsa ke wanke-wanke ba mayafi. Da na duba masa, sai na tarar kalmar sirrinta tana nan yadda ta fito daga masana'anta: "admin". Wanda ya haɗa masa bai canza ba, shi kuma bai san ana canzawa ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya laluɓo kyamarar nan ta intanet, tamkar ya ɗaga labulen gidan ne.

Ta irin wannan ƙofa wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet a 2016. Birtaniya kuma tun Afrilun 2024 ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari.

Tunda doka ta ba hukumarku ikon tantance kayan sadarwa kafin su shiga kasuwa, ina roƙon ku sanya wannan sharaɗi, ku kuma wajabta takardar bayani da Hausa a cikin kowane kwali. A faɗakar da mutane ta rediyo ma, domin nan iyayenmu mata ke saurare.

Wassalam,
Wani magidanci daga Kano