Maganin da Rana Ta Dafa Ba Magani Ba Ne

'Yan'uwa, a shekarar 2020 aka fara yi wa mutane allurar rigakafin korona da aka haɗa da wani abu mai suna RNA. Shi RNA saƙo ne da ke gaya wa jiki abin da zai ƙera, ko abin da zai daina ƙerawa. Yanzu masana suna neman hanyar kai irin wannan magani kai tsaye ga maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi daga baki zuwa ciki, domin ciwon daji da sauran cututtukan wurin.

Abu biyu ke ba su wuya. Na farko, RNA ba ya jure zafi. Allurar Pfizer ta farko sai da aka ajiye ta cikin sanyin kusan digiri 70 ƙasa da sifiri. Na biyu, yawun baki yana narkar da shi, ga shi kuma abin da aka haɗiye yakan wuce maƙoshi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka maganin yana ɗakin bincike har yanzu. Duk wanda ya ce zai sayar muku da shi, kuɗinku yake so.

A ganinmu, akwai darasi a nan ga mu mutanen Gadarif. Ba RNA kaɗai zafi ke lalatawa ba. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40, alhali allurar AmBisome ta cutar kala-azar ba a yarda ajiyarta ta wuce digiri 25 ba. Ƙwayoyi da yawa ma iyakarsu digiri 30. To, me ya rage cikin wanda ya yini a faranti a ranar kasuwa? Launinsa bai sauya ba, amma wa ya san ƙarfinsa? Ka sayar da buhun riɗi ka saya, yaro kuma bai warke ba.

Ku karɓi magani a asibiti ko a kantin da ke ajiye shi a inuwa. A gida, a bar shi cikin kwalinsa, nesa da murhu da rufin kwano. A haɗiyi ƙwaya da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take, don kada ta maƙale ta ƙona maƙoshi.

Wanda kuma tuwo ko kisra ya fara tsaya masa a ƙirji, yana ramewa, kada ya jira sabon magani. Ya zo a duba shi tun yana iya haɗiyar ruwa. Allah ya ba mu lafiya.