Direba, kada ka karya sitiyari saboda akuya

Wanda ya taɓa ratsa Wudil ranar Juma'a, ko ya nufi Maigatari ranar Alhamis, ya san titunanmu ba na motoci kaɗai ba ne. Shanu na da rabonsu, jakuna da raƙuma ma haka, balle awaki da ba su taɓa neman izinin kowa ba. Kwalta ce ta zo ta tarar da burtali ta yanka shi biyu, don haka kada a sa ran garke zai daina tsallakawa inda kakanninsa suka tsallaka. Abin tambaya shi ne, me direban tirela zai yi in ya hango su?

Amsata ba za ta yi wa masu tausayin dabbobi daɗi ba. In dabba ta faɗo maka gab da gab, ka riƙe sitiyari gam, ka taka birki a miƙe, ka zauna a hannunka. In an yi dace ta wuce, madalla. In ba a yi ba, gara ta tafi da ka kauce.

Dalili kuwa a jikin motar yake. Tirela mai lodi nauyinta a sama yake, ba a ƙasa ba. Da zarar an fizge sitiyari tana cikin gudu, kan mota zai bi umarni, bodi kuma ya ci gaba da tafiyarsa, sai dai ka ga ta naɗe ko ta kwanta. Tanka ta fi muni, domin lita 33,000 ta fetur ba ta zama wuri guda. Ka juya dama, man ya tunkuɗo ta hagu. Ga gefen titinmu da ruwa ya zaftare, taya ɗaya ta sauka shi ke nan. Ba dabba ce ta kayar da tankar Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024 ba, amma mun ga abin da ke biyo bayan kifewar tanka kusa da gari: mutum fiye da 150 suka ƙone. In kuma hannun masu zuwa ka faɗa, wataƙila bas ce cike da fasinja. Gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago.

Sai dai direban ƙwarai ba ya bari a kai nan. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a sa'a a kan babban titi mai tagwayen hanya, 50 a sauran manyan hanyoyi. Nawa ne ke bin wannan? A gudun 60 mota na cinye kusan mita 17 kowace daƙiƙa, a 90 kuwa mita 25, tun kafin ƙafa ta bar totur. Birkin iska ma sai ya ɗan ja lokaci kafin ya kama, kuma tazarar da mota za ta ja kafin ta tsaya a 90 ta ninka ta 60 har da ɗori. Tun 2017 hukumar FRSC ta tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya, amma ku tsaya bakin titi da daddare ku ji yadda daf ke wucewa.

Sannan akwai sanin halin dabba, wanda tsofaffin direbobi suka fi mu iya karantawa. Saniya ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai. In ka ga ta tsallaka, jira sauran, musamman ɗan maraƙin da aka bari a baya, wanda zai fito a guje ba ya ganin komai sai uwarsa. Bayan maraƙin kuma sau tari akwai yaro da sanda, shekararsa ba ta wuce goma ba. Shi ne abin tsoron. Tumaki bin na gaba suke yi ido rufe. Akuya takan kai tsakiya ta fasa, ta dawo inda ta fito. Jaki kuwa ko za ka kwana kana oda, sai ya ga dama. Raƙumi da dare ya fi kowa haɗari a hanyoyin Sakkwato da Yobe, domin fitila ƙafafunsa kawai take haskawa, sai ka iso ka gane gangar jiki na daidai gilashinka. Oda mai ƙarfi kusa da garke watsa shi take yi ta ko'ina. A yi ta tun daga nesa, a rage giya, a kunna fitilun gargaɗi don na baya. Magariba da asuba, da farkon damina da bayan girbi lokacin da makiyaya ke ƙaura, nan ne ya kamata ƙafa ta yi sauƙi.

To me ya sa direbobi ke kaucewa duk da sun san wannan? Tsoro. Suna tsoron taron da zai yanyame su, da kuɗin sa da za a ɗora musu, da maigida da zai zare shi daga albashi. Shi ya sa wani ke kifar da mota, wani kuma ya take ya ƙara wuta. Duka biyun kuskure ne. A tsaya inda ba haɗari, a sa alama a kan titi, in dabbar na da sauran rai a nemi wanda zai yanka ta kafin ta zama mushe, ko ba komai naman ya rage asara. In an ga fuskoki sun canja, a wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa a kai rahoto, ko a kira FRSC ta lamba 122. Sulhu kuma a yi shi gaban mai unguwa ko arɗo.

Nauyin biya bai kamata ya faɗa kan direban da ke bisa ƙa'idar gudu ba. Ƙungiyar NARTO ta masu motoci da reshen direbobin tanka na NUPENG su zauna su rubuta shi ƙarara, cewa kuɗin dabbar na kan mai mota da inshorarsa, su kuma sanar da kowane direba tun ranar da za a miƙa masa makulli.