Sanyin ɗaki ba ya cika ciki

Akwai wani irin gidan abinci da ya yaɗu a Maraɗi, kuma na tabbata Damagaram da Yamai ba su tsira ba: ƙofar gilashi, na'urar sanyaya ɗaki, talabijin a bango, da takardar abinci da aka cika da Faransanci. Masu su sun kashe kuɗi a kan komai, ban da tukunya. Ni dai ina ganin ha'inci ne, kuma shirunmu ne ke ciyar da shi.

Wani abokina ya tsallako daga Katsina ta Ɗan Isa, na kai shi ɗaya daga cikinsu cin abincin rana don in fita kunya. Abu biyar muka nuna a takarda, huɗu "sun ƙare", alhali ko azahar ba a kira ba. Muka haƙura da shinkafa dafa-duka da kaza, jika biyu da rabi kowane faranti. Bayan kusan awa guda aka kawo ta, gefe da zafi, tsakiya da sanyi, alamar ta kwana an ɗumama. Kazar irin ta kwali ce da ta daɗe cikin ƙanƙara, ƙashinta baƙi. Ɗanɗano ɗaya ne tak: magi. Na kira yaron da ya kawo, ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, haka muke yin ta." Ba da shi nake ba, albashinsa na rana da wuya ya sayi farantin da ya ɗauko.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙasar da ake yin wannan a cikinta. Albasar Galmi har Abijan da Akara ake lodinta. Tattasan Diffa na bakin Komadugu, tafarnuwa da dankalin Ayar, cukun makiyaya, man gyaɗa, jar akuyar Maraɗi da ake karantawa a littattafan kiwo, duk namu ne. A 2021 hukumar OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista, sunansu ya zama abin da doka ke karewa. Amma mai gidan abinci zai wuce kasuwa ya sayo tumatirin gwangwani da dunƙulen magi, don sun fi arha kuma ba sa buƙatar gwani. Daddawa kuwa ya ɗauke ta ƙauyanci. Dambu da kwaɗon zogale ba su da gurbi a takardarsa, wai ba su dace da gilashi ba.

Za a ce haya ta yi tsada, wuta na ɗaukewa, injin na shan mai. Gaskiya ne. To a ƙara kuɗi, a dafa abin kirki. Wanda zai iya ya biya. Matar da ke tuwo a bakin tasha ita ma itace da hatsi sun yi mata tsada, amma da dala ɗari za ka ci tuwon da aka tuƙa yau, da miyar kuɓewa mai daddawa. In ta kuskura ta ɗumama na jiya, direbobi za su gaya mata a fuska, gobe su koma wajen maƙwabciyarta.

A ɗakin sanyi ne bakinmu ke mutuwa. Muna jin kunyar a ce ba mu saba shiga irin wurin ba, sai mu biya har da tukuici. Wasu kuma su tuna maka cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba. Haka ne, kuma ladabi ne babba ga wanda aka ciyar. Amma nan ciniki ne, kuma addinin da ya koyar da wancan ladabi shi ne ya yi tir da masu tauye mudu. Wanda ya karɓi kuɗin sabo ya ba da kwantai ya tauye mudu, ko da ya sa wa shinkafar suna da Faransanci.

Na mayar da farantina, na nemi a kira mai gidan. Aka ce ya tafi Yamai.